Cunkoson Kandami da Ƙarfen da ke Jikin Jatan Lande

A gaɓar tekun Ekwado, kusa da birnin Guayaquil, mai kiwo kan zuba 'ya'yan jatan lande goma zuwa ashirin a kowane murabba'in mita na kandaminsa, ya ga ya ishe shi. Takwaransa na yankin Mekong a kudancin Biyetnam, wanda ya shimfiɗa roba a ƙasan kandami ya jera injinan kaɗa ruwa, yakan zuba 150, wani ma har 300, a daidai wannan faɗin. Galibi iri ɗaya suke kiwo, wato farin jatan landen da masana ke kira vannamei, ɗan asalin gaɓar tekun Fasifik daga Meziko zuwa Peru, wanda yanzu ya mamaye kandaman Sin da Indiya da Indunusiya da Tailan. Kasuwa ɗaya kuma suke kai wa: Amurka, Turai, Sin da Jafan. Duk mai saye da ya ji wannan bambanci, abin da zai fara zo masa a rai shi ne na cunkoson ya fi ƙazanta, don haka ya fi ɗauke da ƙarafa masu guba irin su dalma da zaiba da kadmiyom. Zaton nan yana da ƙamshin gaskiya, amma idan aka bi diddigin ƙarfen daga inda ya shigo zuwa inda ya kwanta, sai a tarar maganar ta fi haka rassa.

Abu na farko shi ne jatan lande ba ya ƙirƙirar ƙarfe a jikinsa, ko da an tara miliyan a wuri guda. Kowane ɗigon kadmiyom da aka samu a cikinsa daga waje ya zo: ko daga ruwan da aka jawo, ko daga ƙasar da aka haƙa kandamin a ciki, ko daga abinci da taki da magungunan da aka zuba. Yawan dabbobi ba ya sauya kogin da ake jan ruwa daga gare shi, ba ya kuma sauya asalin ƙasar wurin. Abin da yake ninkawa shi ne abinci, kuma daga nan ne kusan duk sauran abubuwan ke biyowa.

Bari mu yi lissafi da misali. Hekta ɗaya murabba'in mita 10,000 ce. Idan aka zuba 100 a kowane mita, an zuba miliyan ɗaya ke nan. A ce takwas cikin goma sun rayu, kowane ya kai giram 20 bayan wata uku ko huɗu: za a kwashe tan 16. Jatan lande kan ci kimanin kilo ɗaya da rabi na abinci kafin ya ƙara kilo ɗaya na nauyi, saboda haka an juye tan 24 na abinci a cikin wannan hektar. Mai zuba goma a mita ba zai wuce tan biyu da rabi ba, sau da yawa ma ƙasa da haka, domin dabbobinsa na samun wani abin a cikin ruwan da kansu. To, a cikin abincin kanti da gangan ake sa jan ƙarfe da tutiya, saboda dabbar na buƙatarsu. Gwaje-gwajen ciyarwa da aka yi a Amurka a farkon shekarun 1990 sun nuna vannamei na son kusan miligiram 30 na jan ƙarfe a kowane kilo na abinci. Ko an tsaya daidai nan ba a ƙara ba, tan 24 na nufin sama da giram 700 na jan ƙarfe sun shiga hektar a zubi guda. Wani kaso zai fita a jikin abin da aka kwashe, sauran kuwa yana nan. Ana kuma yin zubi biyu ko uku a shekara.

Ban da wanda aka sa da niyya, akwai wanda ya biyo kayan haɗi. Garin kifi kan zo da ɗan zaiba da kadmiyom. Garin kayan cikin sikwid, wata dabbar teku mai hannuwa da yawa, wanda ake sawa don ƙamshinsa ya jawo jatan lande ga abinci, an san shi da yawan kadmiyom. Takin fosfet da ake zubawa don gansakuka ta tsiro shi ma yana ɗauke da kadmiyom tun daga dutsen da aka haƙo shi. Idan gansakukar ta yi yawa kuma, abin da cunkoso ke jawowa ke nan, sai mai kandami ya ɗauko shuɗin garin kofa salfet ya watsa don ya kashe ta, ya ƙara jan ƙarfe a kan jan ƙarfe. A Bangaladash an sha samun masu dafa ragowar fatun majemar Hazaribagh ta Dhaka suna mai da su abincin kaji da kifi, alhali an jeme fatun da kuromiyom. Mai zuba tan biyu na irin wannan abinci ya yi ɓarna, mai zuba tan ashirin ya ninka ta sau goma.

Ina sauran ke tafiya? Masu bincike biyu, Matthew Briggs da Simon Funge-Smith, sun bi kandaman cunkoso a kudancin Tailan a farkon shekarun 1990, suka gano kusan kashi ɗaya cikin huɗu kaɗai na sinadarin naitirojin da ke cikin abinci ke komawa naman jatan lande. Ragowar ya zama kashi da ruɓaɓɓen abinci da matacciyar gansakuka. Sun kuma lura da wani abu da ba kowa zai yi tsammani ba: mafi yawan lakar da ke taruwa a tsakiyar kandami ƙasar kandamin ce kanta, wadda injinan kaɗa ruwa suka zaizayo daga gefe. Ke nan cunkoso na buƙatar ƙarin injina, ƙarin injina na ƙara zaizaya, ƙasar da ta zaizayo kuma na zuwa da duk ƙarfen da ke cikinta.

Wanda ya tsaya a bakin irin wannan kandami washegarin kwasa zai ga abin da idonsa. Gefe-gefen da injina suka share fes yake, ƙasa mai tauri. Can tsakiya kuwa, inda ruwa ke juyawa ya ajiye kayansa, ga tudun laka baƙa ƙirin, mai santsi, ƙafa na nutsewa cikinta har ƙauri, tana warin ruɓaɓɓen ƙwai. Warin na iskar kibiritu ne. Idan iskar oksijin ta ƙare a cikin laka, wasu ƙwayoyin bakteriya kan koma amfani da salfet ɗin ruwan teku, su fitar da salfaid, shi ne mai warin, shi ne kuma ke haɗuwa da baƙin ƙarfe ya ba lakar wannan launi.

Nan ne labarin ya yi kwana. Salfaid ɗin nan mai wari yana kama kadmiyom da dalma da jan ƙarfe da tutiya, ya ɗaure su su zama abin da ba ya narkewa a ruwa. Saboda haka kandamin da ya fi ƙazanta a ido na iya zama wanda ƙarfensa ke ɗaure a ƙasa, ruwan sama-sama kuwa awo ya nuna ƙarfe kaɗan. Sai dai ɗaurin na ɗan lokaci ne. Ranar da aka tashe lakar da inji ko da raga, ko aka zubar da ruwa aka bar ta ta sha rana, iska ta shige ta, salfaid ya ƙone ya zama asid, ƙarfen ya kwance. Shi kuwa jatan lande ɗan ƙasa ne: a kan laka yake yini, yana tona ta da ƙananan ƙafafunsa yana tsintar abin ci, har ya haɗiye wani abu daga cikinta. Abin da ruwa bai narkar ba, cikinsa na iya narkar da wani kaso. Zaiba kuma nata lamarin daban ne, domin bakteriyar da ke samar da salfaid ɗin su ne ke mai da ita irin nau'in da ke shiga nama ya zauna, nau'in da ya halaka mutanen Minamata a Jafan, inda aka fara gane cutar a 1956. A ganina, idan akwai wurin da ya kamata a sa wa cunkoso ido sosai, to nan ne.

Akwai kuma ƙasar da tun asali mai laifi ce. An haƙa kandamai masu yawa a Indunusiya da Filifin da Biyetnam a inda aka sare dazukan bakin teku masu tsirowa cikin ruwan gishiri. Ƙasar irin waɗannan wurare na ƙunshe da wani ma'adinin baƙin ƙarfe da kibiritu, wanda ke kwance lafiya muddin ruwa ya rufe shi. Da an tono shi ya sha iska, sai ya fitar da asid mai ƙarfi, awon tsamin ruwa ya faɗi ƙasa da 4, alminiyom da baƙin ƙarfe su narke. Bayan ruwan sama za ka ga gefen kandami ya yi ja-ja kamar tsatsa, abin ya like wa dabbobin a gaɓar da suke numfashi da ita, su riƙa mutuwa. Wannan na faruwa ko biyar aka zuba a mita. Shi ya sa ake watsa farar ƙasa tan-tan don a kashe tsamin. Kandami mara cunkoso a kan irin wannan ƙasa, ko a ƙasan kogin da masana'antu ke zubar da dagwalo a ciki, zai iya ba da jatan lande mai ƙarfe fiye da na kandamin roba mai ɗari biyu a mita.

Sai mu duba jikin dabbar kanta, domin ba kowane ƙarfe take karɓa iri ɗaya ba. Jinin jatan lande ba ja ba ne, yana da ɗan shuɗi-shuɗi, saboda jan ƙarfe ne ke ɗaukar masa oksijin, aikin da baƙin ƙarfe ke yi a jinin mutum. Don haka jikinsa ya iya sarrafa jan ƙarfe da tutiya. Masanin nan na Ingila, Philip Rainbow, da abokin aikinsa sun nuna haka a 1982 da wani ƙaramin jatan lande na gaɓar Turai: an yi ta ƙara tutiya a ruwa amma adadin da ke jikinsa bai motsa ba, sai da abin ya wuce kima. Kadmiyom kuwa, gwargwadon yadda aka ƙara shi a ruwa, gwargwadon yadda ya taru a jiki. Jikin ba shi da ƙofar fitar da shi da sauri, sai ya ɗaure shi da wani furotin ya ajiye.

Inda yake ajiyewa shi ne abin lura. Idan ka ɓalle kan dafaffen jatan lande, za ka ga wani abu mai laushi, ruwan ɗorawa ko ƙasa-ƙasa, mai maiƙo, wanda masu son daɗi ke tsotsewa. Gaɓa ce guda da ke yi masa aikin hanta da na narkar da abinci. Masu awo a ƙasashe da dama, cikinsu har da Federico Páez-Osuna wanda ya kwatanta na kiwo da na teku a arewa maso yammacin Meziko a shekarun 1990, sun yi ta samun abu ɗaya: kadmiyom da jan ƙarfe a wannan gaɓar suke tattaruwa, farin naman jela kuwa kaɗan yake samu. Asenik da kan fito da yawa a awon naman, galibinsa nau'i ne da jikin mutum ke fitarwa ta fitsari ba tare da ya yi illa ba.

Cunkoso na taɓa jikin ta wasu hanyoyin. Dabbar da ke girma da sauri, sabon naman da take ƙarawa yana tsarma ƙarfen da ta ɗauka. A cikin cunkoso girma kan ragu, sai jatan lande ya fi daɗewa a ruwa kafin ya kai girman kasuwa, ya kuma tara ƙarfen a ƙaramin jiki. Idan oksijin ya yi ƙasa da asuba, kamar yadda yake yi a kandamin da ya cika, dabbar na ƙara tura ruwa ta gaɓar numfashinta, abin da ke narke a ruwan kuma ta nan yake shiga. Ga kuma saɓa. Jatan lande na tuɓe ɓawonsa a kai a kai, kuma bayan kowace saɓa yana zuƙar kalsiyom daga ruwa don ya taurara sabon ɓawo. Kadmiyom na bin hanyar kalsiyom ya shige. Tsohon ɓawon na tafiya da wani ƙarfen, amma a kandami mai cunkoso 'yan'uwansa ne ke cinye shi, ko ya faɗa laka. Gishirin ruwa ma na da tasiri: a ruwan teku sosai gishiri na riƙe kadmiyom, a ruwa mai ƙarancin gishiri kuwa ya fi saurin shiga jiki. Wannan ya shafi masu kiwo a cikin ƙasa nesa da teku, irin waɗanda suka cika gonakin shinkafar tsakiyar Tailan har gwamnati ta hana a 1998, ko da yake damuwarta a lokacin gishirin da ke ɓata gonaki ne.

Duk da haka, masu cewa cunkoso na iya tafiya tare da tsafta ba ƙarya suke yi ba. Bayan annobar da ta kashe 'ya'yan jatan lande a Tailan a 2012 da 2013 har abin da ƙasar ke samarwa ya ragu da kusan rabi, masu kiwo da yawa a Asiya sun koma ƙananan kandamai masu shimfiɗar roba, da rami a tsakiya wanda ake zuƙe laka ta cikinsa kullum. Dabbar ba ta taɓa ƙasa, laka ba ta kwana. An toshe hanyoyi biyu ke nan, saura abinci da ruwa. Sai dai masu maimaita ruwa ɗaya zubi bayan zubi ba tare da sauyawa ba su sani cewa abin da ba shi da mafita taruwa yake yi. Lakar da aka zuƙe kullum ɗin nan ma dole ta sauka wani wuri.

Wannan shi ne abin da ya fi damuna a cikin zancen gaba ɗaya. Luiz Drude de Lacerda da abokansa sun yi shekaru suna auna jan ƙarfe da zaiba da ke shiga da fita daga gonakin jatan lande a jihar Ceará ta arewa maso gabashin Barazil, don a san nawa ke ƙarewa a laka da magudanan ruwa. Irin wannan awo ne ke nuna wanda ke ɗaukar nauyin cunkoso da gaske. Naman jela da aka feɗe aka daskare aka tura Turai kan tsallake awo cikin sauƙi. In an mai da kaya daga iyakar Turai ko Amurka, sau da yawa saboda ragowar magungunan kashe ƙwayoyin cuta ne da aka haramta, ba ƙarfe ba. Lakar kuwa a mashigin teku take sauka, inda matan ƙauye ke tsintar kawa da ƙaguwa, dabbobin da ke zaune wuri ɗaya suna tace ruwa, suna tara kadmiyom fiye da jatan lande nesa ba kusa ba. Babu wanda ke kai abincinsu ɗakin gwaji. Kowa ya taɓa share turken awaki ya san garke in ya yi yawa, ba a jikin akuya ake fara gani ba, a ƙasan turken ne da gidan maƙwabcin da ruwan sama ke gangarawa.

Dokar ma da jela kaɗai ta damu. Tarayyar Turai ta ƙayyade miligiram 0.5 a kowane kilo ga kadmiyom, haka ga dalma, haka ga zaiba, amma a farin nama, ban da kai. Ganin mutanenta na tsotsar kawuna, hukumar lafiyar abinci ta Sifaniya ta ba da shawara a 2011 cewa a rage cin abin da ke cikin kan. Dalilin a fili yake. Kadmiyom na zama a ƙodar mutum shekara 10 zuwa 30 kafin rabinsa ya fita, kuma shi ne ya lalata ƙoda da ƙasusuwan manoman shinkafar Toyama a Jafan, cutar da gwamnatinsu ta amince a 1968 cewa daga dagwalon ma'adinai ta fito. Hukumar lafiyar abinci ta Turai ta sa iyakar maikirogiram 2.5 a mako ga kowane kilo na nauyin jiki. Mai kilo 60 na da 150 ke nan a mako, daga duk abin da zai ci: shinkafa, ganye, nama. Giram 300 na jatan landen da ya tsaya daidai kan iyakar doka ya cinye masa kason makon duka.

Mu nan, jatan landen da ke shiga miyarmu ba na kandami ba ne. Busasshen da ake aunawa da gwangwani a kasuwannin Kano da Kaduna daga ruwan Akwa Ibom da Kuros Riba masunta ke kamo shi, don haka cunkoso bai shafe shi ba. Amma maganar kai da jela ta shafe shi kai tsaye, domin dukansa muke dakawa, da kai da ɓawo. Busarwa kuma na kore ruwan da ya kai kusan kashi uku cikin huɗu na nauyinsa, sai ƙarfen da ke kowane kilo ya ninka sau uku ko huɗu. Abin da ke rage haɗarin shi ne cokali ɗaya ko biyu ake zubawa a tukunyar gida guda. Duk mai son auna lafiyarsa, dakakken garin ya kamata ya auna, ya yi lissafi da abin da iyali ke ci a mako, kada ya ɗauko ma'aunin da aka tsara don ɗanyen naman jela.

Wanda lissafin kandamin ya fi shafa a arewa shi ne mai kiwon tarwaɗa, wanda kan cika kwamin siminti ko na tamfol da kifi don ya mai da kuɗin abinci. Tarwaɗa ma a hanta da ƙoda take tara ƙarfe fiye da tsoka. Mai kandami a kusa da Challawa ko Sharaɗa a Kano, inda majemu ke aiki da kuromiyom, ya fara sanin asalin ruwansa tun kafin ya ƙidaya 'ya'yan kifin da zai zuba. Mai haɗa abinci da kansa ya san inda garin kifi da garin ƙashinsa suka fito. Sannan akwai al'adar juya ruwan kandami da lakarsa zuwa lambu, wadda ke da amfani domin taki ne mai kyau. Amma salak da alayyafo na cikin ganyayen da suka fi zuƙar kadmiyom daga ƙasa, saboda haka mai kandamin da ya cika shi maƙil, yake kuma shakkar ruwansa ko abincinsa, gara ya kai lakar gindin itatuwan katako, ya bar fadamar ganye.